Tawadar Indiya da alƙalami mai shan tawada

Tawadar Indiya baƙar tawada ce mai kauri, wadda masu zane da masu rubutun ƙawa ke so saboda ba ta koɗewa, kuma ruwa ba ya wanke ta idan ta bushe. Sai dai wannan ƙarko nata shi ne ke kashe alƙalamin zamani mai shan tawada, irin na Parker ko Pelikan.

Asalinta

Duk da sunan da Turawan Ingila suka laƙaba mata, a ƙasar Sin aka fara haɗa wannan tawada, fiye da shekaru 2,000 da suka wuce. Kunkunniyar hayaƙi ake daka wa, a dama da ruwa, sannan a sa mata abin da zai liƙe ta a jikin takarda.

Wannan haɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantun allo na garin Yashe da sauran garuruwan Kusada da Kankia a jihar Katsina, da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro ake yin tawada, a zuba a kurtu, a riƙa tsoma alƙalamin kara a ciki.

Bambancin yana wajen abin liƙewar. Ƙaro yana narkewa a ruwa, shi ya sa almajiri ke iya wanke allonsa. Ita kuwa tawadar Indiya ta kanti, galibi da shalak ake haɗa ta, wato wani danƙo da wasu ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, wanda idan ya bushe ruwa ba ya taɓa shi.

Yadda take toshe alƙalami

Alƙalamin kara ba shi da ciki, idan ya daskare sai a sake feƙe shi. Shi kuwa mai shan tawada, wanda Lewis Waterman ya yi wa rajistar wani samfurinsa a Amurka a 1884, yana da ma'ajiyar tawada da wasu 'yan hanyoyi masu sirantaka kamar gashi, waɗanda tawada ke bi ta isa baki, iska kuma ta koma ciki.

Tawadar da aka yi domin sa, kamar Quink ta kamfanin Parker da ta fito a 1931, rini ne narkakke. Tawadar Indiya da ta allo kuwa ƙwayoyin baƙi ne ke yawo a ruwa. Su ne ke taruwa a waɗannan hanyoyi, danƙon kuma ya kama su. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙwarai a arewa, abin ya fi sauri.

Hanyoyin kariya

Wanda ke son baƙi mai ƙarko yana da zaɓi. Akwai Fount India ta Pelikan, wadda babu shalak a cikinta, da Carbon Black ta Platinum da Kiwa-guro ta Sailor, kamfanonin Japan, waɗanda aka niƙe ƙwayoyinsu suka yi laushi matuƙa. Ko da su ma, ana so a riƙa rubutu da alƙalamin a kai a kai, a rufe shi da murfi, a kuma ɗauraye cikinsa da ruwan sanyi kafin a ajiye shi na tsawon lokaci.

Idan an riga an zuba tawadar Indiya ta ainihi, sai a zubar da ita nan take, a yi ta ɗaurayewa tun ba ta bushe ba. In ta bushe, akan jiƙa bakin a ruwan amoniya na wanke-wanke, kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa. Sifirit yana narkar da shalak, amma yana iya lalata jikin alƙalamin.

Tawadar da kwalbarta ba ta nuna cewa ta alƙalami mai shan tawada ba ce, muhallinta alƙalamin tsomawa ko burushin zane.