TARIHIN SASSABEN ZAMANI: YADDA ICCE YA KOMO GONAKINMU

A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin itatuwan gonakinmu, don yaran da muke koyarwa a lakkol sun taso sun iske gao da kalgo a gona, suna tsammani haka abin yake tun asali.

Tun kafin zuwan Nasara kakanninmu sun san darajar icce. A ƙasar Damagaram har gobe ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya hana saran gao, ya sa hukunci mai tsanani ga wanda ya sare shi. Dalili sananne ne: gao na zubda ganye da damina, ba ya tsare wa hatsi rana, kuma ƙasar gindinsa ta fi ko'ina taki.

A 1935 Faransawa suka kafa dokar gandun daji, wadda ta mayar da itatuwa masu daraja ƙarƙashin hukuma. Bayan mulkin kai dokar 1974 ta bi sawunta. Manomi ya ga iccen da ke cikin gonarsa, in ya sari reshe babu takarda, tara ce. Sai mutane suka ga gara kada iccen ya girma tun farko. Ga kuma noman gyaɗa da garmar shanu, waɗanda suke son fili fes. Manomin kirki a lokacin shi ne wanda ya sassabe gona ƙarƙaf ya ƙone. Da farin 1973 ya zo, ƙasa ta zama tsirara. Dattawa na tune da shekarun da iska ke binne shuka da rairayi, a sake shuka sau biyu ko uku, mata kuma su yi wunin tafiya neman itacen girki, ko su dafa tuwo da kara da kashin shanu.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun tashi tsaye. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce. A shekarar ne kuma ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska, kuma can aikin ya kama. A watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kountché, aka yi babban taron Maradi kan yaƙi da hamada. Amma a tudu yawancin dashe bai rayu ba: rana, gara da awaki sun cinye shi.

Cikin masu dashen har da wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM a Maradi. A 1983 ya lura cewa ƴan tsiron da muke sarewa kowace bazara kututtura ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa da ƙarfinta. Dabarar ba wuya: a zaɓi kututture, a bar masa rassa mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a datse saura da kaifin gatari, a riƙa gyarawa kowace shekara. Ba kuɗi, ba ban ruwa. Waɗanda suka fara, dariya aka yi musu, aka ce gonarsu ta ƙazanta.

Sai ga yunwar 1984. Mishan ta raba abinci a ƙauyuka kusan ɗari bisa sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. An bar kimanin dubu 500. Da abinci ya ƙare, wajen kashi biyu cikin uku aka sare. To amma waɗanda suka bar nasu sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, ga na kai wa kasuwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Ma'aikatan gandun daji suka sassauta, manomi ya fara amfana da abin da ya rena. A Ɗan Saga, ƙasar Agiye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaro, maza da mata da makiyaya, suka aza wa kansu doka kan ɓarayin icce.

Daga 2004 masu bincike, cikinsu Chris Reij da Gray Tappan, suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi. Lissafinsu ya nuna hekta kusan miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maradi da Damagaram, musamman Magarya, Matamai da Mirya. A 2004 aka sake dokar daji, a 2020 kuma aka fito da dokar da ta amince cewa iccen da manomi ya rena a gonarsa yana da haƙƙi a kansa.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne: buhun agaji ya ƙare cikin shekara, ilimin da ya zo tare da shi kuwa ya zauna, domin iccen ya zama na mai gona. Kuma abin da aka rena shekara goma, gatari na kada shi a safiya ɗaya.

Saboda haka muna roƙon ƴan uwa na ci-rani: in za ku ba da aron gona ko jingina, ku sa maganar itatuwa cikin sharaɗi a gaban shaidu. Muna roƙon iyayenmu su riƙa zuwa lakkol suna nuna wa yara sabara, geza, aduwa da magarya, da amfanin kowane. Mu malamai za mu kai su gona kafin damina su koyi datsa da hannunsu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya komo da matafiya gida lafiya. Amin.