Yadda ake zaɓen shimfiɗar ƙarƙashin katakon daɓe a gidan bene

Katakon daɓe mai hawa-hawa, wanda ake ƙara gani a sababbin gidajen bene na Legas da Abuja, ya ƙunshi fallen itace na ainihi mai kaurin milimita 2 zuwa 6 a sama, da wasu falle-falle da aka manne a gicciye a ƙarƙashinsa. Sau da yawa ba a kafa shi da ƙusa ko gam. Ana sarƙa bakin kowane katako da na ɗan'uwansa ne, a kwantar da su a kan wata siririyar shimfiɗa. Ga mai zama a hawa na sama, wannan shimfiɗa ce ke tsakaninsa da rigima da maƙwabcin ƙasa.

Ƙara iri biyu ce ke sauka daga bene. Akwai wadda iska ke ɗauka, kamar magana da sautin talabijin, wadda shimfiɗar ba ta yi mata wani abin kirki. Akwai kuma ta bugu, wato takun takalmi, jan kujera da guje-gujen yara, wadda ke bin jikin ginin kai tsaye. Ita ce shimfiɗar ke ragewa, kuma kamfanoni kan rubuta yawan desibel ɗin da take ragewa a jikin ƙunshinta. Sai dai ana auna wannan adadi ne a ɗakin gwaji a kan kankare, don haka benen da aka gina da katako ba zai samu ragi kamar haka ba. A Ingila, dokar gini ta 2003 ta ƙayyade cewa ƙarar bugu da ke isa ga maƙwabci kada ta wuce desibel 62 a sabon gini, ko 64 a ginin da aka raba zuwa gidaje.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa shimfiɗa mai kauri da laushi ta fi. Soson da ake sa wa kafet yana lotsawa idan an taka, katakon ya riƙa lanƙwasawa, har haƙoran da ke riƙe shi su karye. Nauyi da tauri ake nema. Shimfiɗar roba mai milimita 3 zuwa 5, ko ta ɓawon bishiyar kwak da ƙasar Fotugal ta fi kowa samarwa, ta fi dacewa da bene. Farin soson leda mai milimita 2 shi ne mafi araha, amma yakan baje cikin 'yan shekaru. Ninka shi biyu ma ba dabara ba ce, laushin kawai zai ƙaru.

Abin da ke ƙasa shi ma yana da ta cewa. Kankare na fitar da laima ko da a hawa na uku ne, musamman sabon daɓen siminti, wanda ke buƙatar kimanin kwana ɗaya ga kowace milimita kafin ya bushe. Don haka ake fara shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2, a ɗora bakin wata kan wata a liƙe, ko a sayi shimfiɗar da ke haɗe da ledarta. A kan bene na katako kuwa ba a sa leda, domin takan tsare laima ta ruɓar da shi. Idan tudu da kwarin daɓen ya wuce milimita 3 a tsawon mita 2, gyara shi ake yi da siminti tukuna.

A ƙarshen aiki kafinta zai bar tazarar milimita 10 zuwa 15 tsakanin katakon da bango ta kowane gefe. Itace na kumbura da damina, ya tsuke lokacin hunturu, kuma duk inda ya taɓa bango, ƙarar taku za ta bi ta nan ta sauka, ta kewaye shimfiɗar da aka kashe wa kuɗi.