Damben da Ba a Gaggawa

Yawancinmu a fim muka fara sanin faɗan Sinawa: tsalle, ƙafa a sama, mutum ɗaya ya watsa taron goma. Shi ya sa idan muka ga tsofaffin Beijing da sassafe suna motsa hannu a hankali kamar masu iyo, da wuya mu yarda cewa wannan ma faɗa ne. Sunansa taiji, kuma shi da xingyi da bagua ne ake kira neijia, wato salon cikin gida.

Wannan rabo na ciki da waje ya fara bayyana a rubuce a 1669, a cikin ta'aziyyar da malami Huang Zongxi ya rubuta wa wani gwanin faɗa, Wang Zhengnan. Ya ce 'yan Shaolin su ne masu kai hari, su kuwa na cikin gida da natsuwa suke kayar da abokin karawa. Sai mu duba lokacin. A 1644 Manchu suka kama Beijing, Huang ya yaƙe su, bayan an ci su kuma ya ƙi karɓar muƙami a hannunsu. Shaolin gidan ibadar Buddha ne, addinin da ya shigo daga Indiya, salon ciki kuwa ya jingina shi ga addinin Dao na gida. Masana tarihi da dama na ganin habaici yake yi wa baƙin da ke kan mulki, mu ma haka muke gani.

Shi taiji ɗin da muka sani daga ƙauyen Chen na lardin Henan ya fito. A can Yang Luchan, wanda ya rasu a 1872, ya koya, sannan ya kai shi Beijing. Tushen koyarwar shi ne kada ka tari ƙarfi da ƙarfi. Mutum biyu za su haɗa hannu, kowa na sauraren nauyin ɗan'uwansa ta fata. In ya turo sai ka kauce, ƙarfinsa ya kai shi ƙasa. Mai saurin fushi ba ya iyawa, don da zarar kafaɗa ta sandare an gama da shi. Ɗalibi kan yi shekaru yana koyon tsayuwa da numfashi kawai. Wanda ya jure wannan, halinsa ma kan sauya.

Abin da ya fitar da shi daga gidajen malamai zuwa fagen ƙasa shi ne wulaƙanci. Birtaniya ta ci Sin a yaƙin da ya ƙare a 1842, Japan ta ci ta a 1895. A 1900 'yan ƙungiyar Yihetuan suka tashi korar Turawa, suna taƙama da maganin bindiga, labarin da mu ma ba baƙonmu ba ne. Harsashi bai san da maganin ba. Sojojin ƙasashe takwas suka shiga Beijing, kuma cikin waɗanda aka kashe har da Cheng Tinghua, babban malamin bagua. Daga nan 'yan boko suka riƙa kallon faɗan gargajiya a matsayin camfi.

Ɗalibin Cheng, Sun Lutang, yana cikin waɗanda suka wanke shi. A 1915 ya buga littafi kan xingyi, daga baya ya yi na bagua da na taiji, ya gabatar da su a matsayin hanyar gyara jiki da zuciya. A lokacin da ake yi wa Sin laƙabin majinyacin gabashin Asiya, wannan magana ta shiga kunne: in kowa ya warke, ƙasa ta warke. A 1928 gwamnati ta buɗe cibiyar koyar da faɗan gargajiya a Nanjing. Yang Chengfu, jikan Yang Luchan, ya cire tsalle da buga ƙafa, ya sassauta motsin har tsoho ya iya.

Kwaminisanci ya ƙarasa aikin. A 1956 hukumar wasanni ta taƙaita taiji zuwa motsi 24, abin da ake gamawa cikin kamar minti shida, aka baza shi a masana'antu da makarantu. Jama'a sun amfana, ba mu musa ba. Amma lafiyayyen ma'aikaci hukuma ke so, ba almajirin da biyayyarsa ke ga malaminsa ba. Shi ya sa a juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 aka tozarta malamai da yawa, har a ƙauyen Chen, wasu suka koma koyarwa a ɓoye.

Sassaucin nan ya zo da nasa farashi. A 2017 a Chengdu, wani ɗan damben zamani, Xu Xiaodong, ya kara da wani mai kiran kansa gwanin taiji, Wei Lei, ya tumurmusa shi cikin daƙiƙoƙi. Maimakon a tambayi yadda aka yi salon ya manta da faɗa, sai aka huce kan Xu, aka ce ya ci mutuncin al'ada, aka rufe shafinsa na intanet. Shekara uku bayan haka, a 2020, UNESCO ta sa taiji cikin jerin al'adun gado na duniya.