Ruwa Nawa Ne Ya Isa Baftisma?

Wanda ya bi unguwannin Masaka, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ranar Lahadi da safe, zai ji ECWA na waƙa a nan, ERCC a can, ga Katolika, ga Anglikan, ga Baptis. Yaro yakan tambayi babansa, me ya raba mu? Uban yakan rasa amsa, ko ya ba da amsar da ke da zagi a ciki. To, bari mu koma baya.

Mishan ɗin SIM ta fara zuwa a 1893, SUM kuma a 1904. Da suka taru a Lokoja a 1910, sai mishan-mishan suka soma daidaita inda kowa zai yi aiki, don kada su yi ta karo da juna. SIM ta zauna cikin Gbagyi a Karu, reshen SUM na Afirka ta Kudu ya nufi ƙasar Mada da Eggon, daga nan ERCC ta fito. Wato kakanninmu da yawa ba su zauna sun auna koyarwa kafin su zaɓi ɗarika ba. Baturen da ya riga isa ƙauyenku, shi ne ɗarikarku. Wannan kaɗai ya isa mutum ya yi murmushi kafin ya ɗaga murya.

Turawan kuwa sun zo da tsohuwar gardamarsu a cikin akwati, wato gardamar ruwa. Wasu suna yayyafa wa jariri, wasu sai mutum ya girma ya tuba a nutsar da shi. 'Yan'uwa, waɗanda suka fara aiki a Garkida a 1923, sau uku suke tsoma mutum, fuska gaba. A Amurka ma sunan tsokana aka laƙa musu, wai 'yan tsoma.

Amma ba kowace dariya ce mai daɗi ba. A birnin Zurik, a 1527, hukumar garin, wadda ita ma Kirista ce, ta jefa Felix Manz cikin kogi ya mutu, saboda yana sake yi wa manya baftisma. Masu ba'a suka riƙa kiran irin wannan kisa baftisma ta uku. Duba fa, wasa ne a bakinsu, amma gawa ce a ruwa. Bayan shekara biyu, a Marbug, Luther da Zwingli suka yarda a kan magana 14 cikin 15, ta ƙarshe, a kan Jibin Ubangiji, ta raba su.

Mu a nan muna da abin da ya fi wannan. Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, sukan tsokani juna son rai, ba mai fushi, domin kowa ya san ba za a rabu ba. Wasan taubasai ke nan, kuma dokarsa a fili take: a gaban mutum ake yi, shi ma yana da bakin ramawa, ranar makoki kuma kai ne na farko a ƙofarsa. A ganina irin wannan zama ne iyayenmu suka nema a 1955, da suka kafa tarayyar da muke kira TEKAN. Luteran mai yayyafi ya zauna da ɗan EYN mai tsomawa uku, ba wanda ya bar al'adarsa, har suka tura 'ya'yansu makarantar tauhidi ɗaya a Bukuru, wadda aka buɗe a 1959.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye faɗan manzanni ba. Bulus da Barnaba sun rabu saboda Markus, a Ayyukan Manzanni sura 15. Amma a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Bulus ɗin nan ne yake roƙo a kawo masa Markus, don yana da amfani a gare shi.

A 2014 Boko Haram ta kama hedkwatar EYN a Kwarhi, jihar Adamawa, mutane suka watse. Waɗansunsu a nan Masaka suka sauke kaya, suka yi gona, suka gina majami'a. Yau 'ya'yansu suna aji ɗaya da naku, gobe kuma wani zai aiko gidanku neman aure. A ranar, dattawa za su zauna a kan maganar ruwan nan, a sake yi wa amarya baftisma ko a bar ta da tata.