Bibiyar Yawan Tsuntsu Mai Cafke Ƙwari a Lokacin Hayayyafa: Tsarin da Ya Dace da Disina

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake ƙidayar tsuntsaye a lokacin sheƙa, ta kuma kawo tsarin bibiyar tsuntsu mai cafke ƙwari, Terpsiphone viridis, a Disina, ƙaramar hukumar Shira ta masarautar Katagum. Hujjarta ita ce, sai an maimaita ƙidaya a wuri ɗaya kowace damina za a san ko tsuntsun na ƙaruwa ko raguwa.

Gabatarwa

Chandler Robbins ne ya assasa irin wannan ƙidaya a Amurka a 1966: zango 50 a kan hanya ɗaya, minti 3 a kowane zango. Birtaniya ta soma tsarinta na yanzu a 1994, kuma bayananta da na shirin da ya gabace shi sun nuna tsuntsun Muscicapa striata, wanda ke ratsa arewacin Najeriya yayin ƙaura, ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tun ƙarshen shekarun 1960. A gida kuwa, cibiyar APLORI da ke Laminga kusa da Jos ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, inda aka yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowanne kimanin kilomita 9 a tsawo da faɗi. Taswirar tana nuna inda tsuntsu yake, amma ba don ƙirga ɗaiɗaikunsu aka tsara ta ba.

Tsuntsun da Muhallinsa

Terpsiphone viridis yana biyo ruwan sama daga kudu ya yi ƙwai a arewa. Namijin yana da baƙin kai mai tukku, da zoben shuɗi a ido, da doguwar jela ja ko fara. Yakan zauna a reshe cikin inuwa, ya zabura ya cafke ƙwaro a iska, ya komo mazauninsa. Sheƙarsa ɗan ƙoƙo ce da ake ɗaurewa da yanar gizo a mahaɗar rassa, mai ɗauke da ƙwai biyu ko uku. Tunda ba ya rabuwa da itatuwa masu duhu, lambunan mangwaro da tsamiyoyin gaɓar kogin Bunga su ne inda ya kamata a neme shi.

Tsarin Ƙidaya

Hanyoyin fadama ba sa biyuwa da mota da damina, don haka a taka da ƙafa. A kafa zango 20, tazarar mita 200, a adana wurin kowanne da GPS. Mai ƙidaya ya fara da fitowar rana, ya yi minti 5 a zango, ya rubuta wanda ya gani da wanda ya ji, domin kukan tsuntsun kan riga ganinsa. A zagaya sau biyu, a Yuni da Yuli, a ƙirga manyan itatuwan kowane zango.

Tattaunawa

Sauyin mai ƙidaya, da kaurin gero da dawa da ke tare gani, da jinkirin damina, duk suna iya kawo raguwar da ba ta gaskiya ba. Ƙirga itatuwa kuma zai ba da damar gwada ko saran itace da ƙona gawayi na da hannu a duk sauyin da aka gani.

Kammalawa

Ƙidayar shekara ɗaya ba ta isa hujja ba. Ana ba da shawarar masana halittu na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau su horar da matasan Disina, su riƙe aikin aƙalla shekara 10 a jere.