Ɗakin Shan Magani a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Wa Ke Riƙe da Akalarsa?

Masu nazarin mulkin ƙasar Hausa ba su cika waiwayar ɗakin shan magani ba, alhali kuwa a nan ne talaka ke gane ko hukuma na sane da shi. A zamanin En'e, baitulmalin Katsina ne ke biyan malaman asibiti da duba-gari na kudancin lardi, likitan Gwamnati yana zagawa yana duba aikinsu. Amma idon yau da kullum na hakimai ne, watau Sarkin Maska a Funtuwa da Galadima a Malumfashi, tare da dagatansu. Aljihu ɗaya ne, masu tsaro kuwa suna kusa.

Gyaran mulki na 1976 ya raba wannan aljihu. Funtuwa da Malumfashi suka zama ƙananan hukumomi, kowace da sashenta na lafiya. Bayan taron Alma-Ata na 1978, da manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 a zamanin Minista Olikoye Ransome-Kuti, sai aka ɗora musu nauyin kiwon lafiya a matakin farko. Hujjar ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, amma sanin yoyo daban, samun jinka daban. Kuɗin hukumomin nan ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke biyowa, albashi kuma ya cinye mafi yawansu. Sa'an nan cuta ba ta san iyaka ba. Sanƙarau na 1996 bai tsaya a kan iyakar wata hukuma ba, haka kuma tsargiya da saran maciji, waɗanda masanan Jami'ar Ahmadu Bello da na Libaful suka bincika a ƙauyukan Malumfashi cikin shekarun 1970. Saboda haka a 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince a tattara ma'aikata da kuɗi ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sake tayar da maganar. Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, sayen magani da horon ma'aikata sun fi kyau a tattare, amma sanin ko an buɗe ɗaki da safe sai wanda ke zaune a garin. Duk tsarin da ya saki ɗayan biyun, manomi ne zai biya, ran da zazzaɓi ya kama ɗansa tsakiyar damina.