BABI NA UKU: SAUYE-SAUYEN SIN DA AMURKA DA TASIRINSU A BATSARI DA SAFANA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin tattalin arzikin Batsari da Safana, ƙasashen Sarkin Ruma da Yariman Katsina, inda aka nuna cewa ya dogara ne ga noma da kiwo a gefen Dajin Rugu. Wannan babi kuwa zai yi ƙoƙarin nuna yadda sauye-sauyen da suka faru a Sin da Amurka, da kuma shirin da suka yi da juna, suka iso waɗannan garuruwa ta hanyar kasuwa.

3.1 Daga Gaba Zuwa Ciniki

A shekarar 1949 ’yan gurguzu suka kafa Jamhuriyar Jama’ar Sin a ƙarƙashin Mao Zedong. Amurka ta ƙi amincewa da wannan gwamnati, ta haramta ciniki da ita, har ma sojojinsu suka gwabza a yaƙin Koriya (1950-1953). Abubuwa biyu ne suka sassauta wannan gaba. Na farko, Sin ta ɓata da Tarayyar Sobiyat. Na biyu, yaƙin Biyetnam ya raba kan Amurkawa, matasa suna ta zanga-zanga, gwamnati tana neman mafita. Saboda haka Shugaba Nixon ya ziyarci Sin a 1972, aka kuma ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci a farkon 1979. Nijeriya ta riga ta ƙulla tata tun 1971.

Daga ƙarshen 1978, Deng Xiaoping ya fara sassauta tsarin gurguzu. An rushe gandayen tarayya, kowane gida ya sami gonar da zai noma, ya sayar da rarar amfaninsa. An kuma keɓe wurare irin su Shenzhen (1980) domin masu jari daga waje. Miliyoyin ’yan ƙauye suka yi ƙaura zuwa masana’antun birane. Sai dai an buɗe kasuwa ne kawai, siyasa tana rufe, kamar yadda murƙushe zanga-zangar Tiananmen ta 1989 ta nuna.

A ɓangaren Amurka, kamfanoni sun riƙa mayar da aikin ƙira zuwa Sin saboda arhar ƙwadago, musamman bayan shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Ma’aikatan masana’antu sun ragu daga kimanin miliyan 17 a 2000 zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010. Fushin irin waɗannan ma’aikata yana cikin abin da ya share fagen harajin da gwamnatin Trump ta ɗora wa kayan Sin a 2018. Amma kafin nan masana’antun Sin sun yi ƙarfin da kayansu suka game duniya.

3.2 Auduga da Tufafi

Auduga ita ce tsohuwar igiyar da ta ɗaure ƙasar Katsina da waɗannan ƙasashe. Domin rage dogaro ga audugar Amurka ne Turawan Ingila suka kafa kamfanin B.C.G.A. a 1902, kuma irin da suka yaɗa a Arewa daga 1912, wato Allen, asalinsa na Amurka ne. Da shi aka ciyar da injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi. Haka kuma, masaƙar U.N.T.L. da aka kafa a Kaduna a 1964, wani Basine ne daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa ta. Ke nan, a wancan zamani iri na Amurka ne, jari na Basine, amma noma da saƙa na ’yan ƙasa ne.

Wannan tsari ya fara rushewa a 1986, lokacin da aka soke hukumomin sayen amfanin gona. Daga baya atamfa da shadda ’yan Sin suka cika Kantin Kwari a Kano, da yawansu ta fasa-ƙwauri ta hanyar Maraɗi da Jibiya. Masaƙar K.T.L. ta rufe a 2002, U.N.T.L. ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007, ko da yake rashin wutar lantarki ma ya taimaka. Talakan Batsari da Safana ya sami sutura da arha, amma manomin auduga ya rasa mai saye, masaƙi da marini suka rasa ciniki.

3.3 Babur da Wayar Hannu

Babura ’yan Sin irin su Jincheng, da ’yan Indiya da suka biyo baya, sun maye gurbin jaki da keke, sun kuma samar wa matasa sana’ar acaɓa. Wayar hannu kuwa, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, ita ta fi nuna alaƙar ƙasashen biyu a fili: ƙirar Tecno da Itel ta kamfanin Shenzhen ce, amma WhatsApp da Facebook da ke cikinsu na Amurka ne. Da ita ɗan ci-rani a Legas yake aiko da kuɗi gida.

To amma idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. ’Yan bindigar Dajin Rugu da babur suke kai hari, da waya suke cinikin kuɗin fansa. Wannan ne ya sa a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, na tsawon watanni.

3.4 Kammalawa

Ba za a ce kayan Sin ko shirinta da Amurka ne suka haifar da ta’addanci a yankin ba, domin tushensa yana cikin rikicin gona da burtali, da raunin shari’a. Abin da babin ya nuna shi ne, Sin ta fara gyara ƙauye sannan ta gina masana’anta, Amurka ta riƙe fasaha ta saki ƙira, su kuwa Batsari da Safana sun shiga wannan ciniki a matsayin masu saye kawai. Babi na gaba zai dubi yadda matasan da suka bar sana’o’in iyayensu suka nemi abin yi.